Kwaɗon da Ya Ƙi Yankuwa

Mai shagon bai yi gardama ba. Ya miƙa hannu ƙarƙashin kanta ya jawo wani dogon almakashin ƙarfe, ya ɗauko ragowar wata wayar kulle keke irin wadda Injiniya ya zaɓa, mai shuɗiyar roba mai sheƙi, ya saka ta a bakin almakashin ya matse. Ƙas! Wayar ta faɗi ƙasa gida biyu.

"Ka gani, Baba?" in ji shi. "Wannan ba don ɓarawo aka yi ta ba. Don iska aka yi ta, kada ta ture maka keke."

Injiniya ya sunkuya a hankali, gwiwoyinsa suna ƙara, ya ɗauki guntun ya kai shi kusa da tabarau. A cikin duk kaurin nan 'yan zaruruwan ƙarfe ne kawai, ba su fi wayar birki ba.

"Ashe duk ƙibar nan roba ce?"

"Roba ce zalla. Ido ake sayar wa."

'Yarsa, wadda ta jawo shi shagon a ranar hutunta, ta yi dariya har da riƙe kanta. Tun da ta fara aiki a asibiti kowa a layinsu Nas yake ce mata, ban da shi. Shi Uwata yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Shi ma kansa ba injiniyan gaske ba ne. Mai gyaran keken ɗinki ne, teloli suka laƙaba masa sunan tun yana saurayi, sunan ya bi shi har cikin gida. Yakan ce keke biyu ke ciyar da shi, wanda yake gyarawa da wanda yake hawa. Na biyun ne yake jingine a ƙofar shagon, baƙi, dogo, fentinsa ya koɗe a inda gwiwa ke gogarsa.

"To ga mai lamba," Nas ta ce, tana nuna wani ƙaramin kwaɗo. "Ba ruwanka da makulli."

"Anti, ranar da Baba ya manta lambar, shi da ɓarawo sun zama ɗaya."

"A'a, bar shi. Mutumin da yake neman tabarau suna kan hancinsa."

"Uwata, a gaban mutane?"

Mai shagon ya juya ya sauko da wani abu daga saman shiryayye, ya aza a kan kanta. Kantar ta amsa nauyinsa. Ƙarfe ne baƙi, kaurin babban yatsa, an lanƙwasa shi kamar takalmin doki, da wata sanda da ke rufe bakinsa. Ya sa masa almakashin ya danna da hannu biyu har jijiyar wuyansa ta fito. Bakin almakashin ya zame. Ko shaidar kirki bai bari ba.

"Zarto fa?" Injiniya ya tambaya.

"Zarto zai ci, amma sai mai yankan ya jiƙe da gumi, haƙoran zarton su zube. Baba, kada kowa ya ruɗe ka, babu kwaɗon da ba ya yankuwa a duniyar nan. Lokaci kake saya. Ɓarawo ba ya son daɗewa a wuri guda, shi ke nan sirrin."

Ya fito da su waje ya gwada musu yadda ake yi. A haɗa ƙarfen jikin keken da tayar baya, a ɗaure su da abin da ba ya tumɓukuwa. Kada a kulle tayar gaba ita kaɗai, in ba haka ba mutum zai dawo ya tarar da taya ɗaya tana jiransa kamar marainiya. Kada a bar kwaɗon ya kwanta a ƙasa, don can ake samun damar dukansa da guduma. Sannan a riƙa ajiyewa inda mutane ke wucewa, inda ido ya yi yawa.

Injiniya ya tsaya yana kallon baƙin ƙarfen a jikin kekensa. Sai ya ga kamar an sa wa tsohon abokinsa ankwa.

"Keken nan ya girme ki, Uwata," ya ce. "Bai taɓa kwana a kulle ba."

"Na mai burodi ma bai taɓa ba, Baba. Ya shiga miƙa burodi, ya fito babu. Na malamin makaranta kuma a ƙofar gidansa aka ɗauke, da rana tsaka. In aka ɗauke naka, da me za ka zagaya wurin teloli? Da gwiwoyin nan?"

Ya juya ya koma cikin shagon. Ita ta biya, ta sa masa makullin a zare, ta zura a aljihun rigarsa.

* * *

A ƙafa suka koma, yana tura keken, kwaɗon yana bugun kariya, wurin ɗaukar kaya na bayan keken, a duk ramin da suka faɗa. Da suka shigo layinsu ya rage tafiya. Ba ya iya shiga layin nan bai ga wani layin a ƙarƙashinsa ba, wanda ya tarar lokacin da ya kama hayar gidan, shi da amaryarsa da katifa ɗaya.

A wancan zamanin katangun gajeru ne, mace tana shanya tana hira da maƙwabciyarta. Da yamma kekuna sukan jeru a jikin bango kamar awaki, ba wanda ya san wane ne na wa sai masu su. Idan mutum ya fito bai ga nasa ba, ba ya ihu, sai ya ja benci ya zauna, don ya san wani ne ya ara ya tafi kiran ungozoma ko sayen magani. In an jima za a dawo da shi, wani lokacin ma an ƙara masa iska. Yanzu katangun sun yi tsawo, an dasa musu fasassun kwalabe a ka, tagogi duk sun sha ƙarfe. Mutum sai ya yi wata bai ga fuskar wanda suke bango ɗaya ba.

Umma, matarsa, tana tsinke ganye a tsakar gida sa'ad da suka shigo. Ta dubi kwaɗon, ta dubi mijinta.

"Iko sai Allah. Malam, wannan keke za a kulle da shi ko banki?"

"Tambayi 'yarki."

"Keken da in an sace sai ɓarawon ya dawo da shi ya ba da haƙuri."

"Yau kuma? A kansa na ɗauko ki daga asibiti, ke da jaririyar nan da ke tsaye tana yi mini iyayi. Kina baya kina cewa in bi a hankali, hannunki ɗaya riƙe da ita, ɗaya riƙe da rigata."

"Rigar da na yaga," Umma ta ce. Ta sunkuyar da kai tana murmushi, hannunta ya tsaya a cikin kwanon.

Kariyar da ta zauna a kai a ranar ba ta kanti ba ce. Mai Walda ne ya ƙera ta, maƙwabcinsu na jikin bango, mutum mai faɗin ƙirji da dariyar da ake ji daga bakin titi. Ya ƙi karɓar ko kwabo, ya ce in ta karye a zo a kama shi. Ba ta karye ba har yau. Shekara da shekaru suka yi suna shan shayi a benci ɗaya, suna musun da ba ya ƙarewa a kan wane ne aikinsa ya fi wuya, mai haɗa ƙarfe ko mai lallashin allura.

Mai Walda ɗa ɗaya Allah ya ba shi. Tun yana rarrafe ba ya zama wuri guda, ga shi da son tsayawa kusa da wutar walda, shi ya sa uban ya sa masa Tartsatsi. A kan keken nan ya koyi tuƙi. Ƙafarsa ba ta kai feda daga kan sirdi, sai ya zura ta ta tsakiyar ƙarfen, ya maƙale a gefe kamar ƙadangare. Injiniya yana riƙe da kariya yana gudu a bayansa, Mai Walda yana tsaye a ƙofar rumfarsa yana ihu, "Sake shi! Sake shi ya faɗi, ƙarfe ne shi ma!" Ranar da ya sake shi, yaron ya tafi har ƙarshen layi bai sani ba, ya waiwayo ya ga ba kowa a bayansa, ya faɗa cikin kwata yana dariya.

Duk wannan Injiniya yake gani da ya jingina keken a inda ya saba. Ya ciro makullin ya juya shi a hannu, ya mayar. A cikin gida dai ba zai kulle ba.

* * *

Ciwon ƙirji ne ya ɗauke Mai Walda, Tartsatsi yana gab da gama koyon aikin. Rumfar ta zauna a hannunsa na ɗan lokaci, kuma hannun nasa mai kyau ne, kowa ya shaida. Sai abokai suka fara zama a rumfar. Aka fara ganin kwalaben maganin tari a bayan injin, alhali ba mai tari. Daga nan sai ƙwaya. Injin waldan ya tafi, kayan aiki suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, aka wayi gari rumfar ta zama wurin sayar da katin waya. Uwarsa, wadda yaran layin suke kira Inna, ta koma wanki da guga a gidajen mutane. Ta daina barin dutsen guga a gida in za ta fita.

Injiniya ya yi masa faɗa, ya yi lallashi, ya taɓa kai shi wurin wani mai gareji ya roƙa aka ɗauke shi aiki. Bai yi sati ba. Daga baya sai ya zama gaisuwa kawai, ita ma daga nesa. Mutanen layin kuwa suka ƙara wa ƙofofinsu sakata, suka daina ambaton sunansa sai in wani abu ya ɓace.

Wata safiya Injiniya ya tsaya sayen man keke a kantin bakin layi. Ya kulle keken a jikin ƙarfen rumfa kamar yadda aka koya masa, yana yi yana waige kamar mai aikata abin kunya. Da ya fito sai ya tarar da mutum tsugune a gaban keken. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, gemu ya fito masa ba tsari, amma yadda ya karkata kai yana duban ƙarfe, sak ubansa.

"Baba, ina kwana."

"Tartsatsi. Ka tashi lafiya? Ya Inna?"

"Lafiya lau." Ya ƙwanƙwasa kwaɗon da farce, ya kasa kunne. "Ƙarfe mai kyau ne wannan. An dafa shi sosai." Ya ɗago jajayen idanunsa. "Kai ma ka fara kullewa, Baba?"

"Uwata ce ta matsa," Injiniya ya ce da sauri, ya ji kunyar amsar tun kafin ta gama fita. "Ka karya kuwa? Zo mu je gida, Umma ta dafa shayi."

"Na ƙoshi." Ya miƙe, ya shafa kariyar da tafin hannu. "Aikin tsoho. Ko tsatsa ba ta yi ba."

Ya juya ya tafi yana jan silifa, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tsawo.

* * *

Ranar da abin ya faru, aiki ya kai Injiniya wani bene kusa da kasuwa, inda wata mata da ake kira Madam take da teloli masu ɗinka kayan makaranta. Ya kulle keken a jikin ƙarfen shingen da ke gaban benen, wuri mai yawan jama'a, tsakanin mai sayar da lemo da masu gyaran takalmi. Ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya hau sama.

Keken ɗinkin da aka kira shi dominsa yana tsallake ɗinki ne yana tsinka zare. Ya kwantar da kan keken, ya ciro ƙoshiyar zaren, ya tarar da tarin ƙurar yadi ta dunƙule a ciki. Irin aikin da yake so ke nan, na natsuwa, sauran kekunan suna ta ruri a kewaye da shi, yana jin muryar kowanne dabam. Yana cikin daidaita allura ya ji ihun ya taso daga ƙasa.

"Ɓarawo! Ɓarawo!"

Kekunan suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Teloli suka yi tururuwa zuwa taga. Wata ta waiwayo ta ce, "Injiniya, ai kekenka ne! Allah ya rufa maka asiri, an kama shi!"

Bai san yadda ya sauka daga benen ba. A ƙasa mutane sun yi da'ira, ba a ganin komai sai bayansu da hannuwan da ke ɗagawa suna sauka. Wani da katako, wani da bel, wani ya tsinto bulo. Mai lemo, wanda ɗazu ya gaishe shi da fara'a, yana tsalle yana neman inda zai kai ƙafa. Daga can baya wata murya tana cewa a kawo taya.

Ya kutsa da kafaɗa. Abin da ya fara gani kekensa ne, tsaye a inda ya bar shi, ko motsi bai yi ba. A ƙasa ga zarton ƙarfe, ruwansa ya karye. A jikin kwaɗon wani ɗan tsagi ne yake walƙiya, ko rabin ƙarfen bai kai ba. Sannan ya ga silifa, ya ga mutumin da ya dunƙule ya rufe kai da hannu, ya ga kafaɗar.

"Ku tsaya!" Muryarsa ba ta fita ba. Ya sake, da duk abin da ya rage a ƙirjinsa. "Ku tsaya! Ɗana ne! Ni na aike shi!"

Ya faɗa a kansa ya rufe shi da jikinsa. Wani katako da aka riga aka sako ya sauka a gadon bayansa, tabaransa suka yi tsalle suka faɗi.

"Tsoho, tashi! Ɓarawo ne!"

"Kekena ne! Makulli ya ɓace mini, na ce ya zo ya yanke! Ɗana ne, mai walda ne!"

Makullin yana cikin aljihunsa, yana jin sa a jikin haƙarƙarinsa. Daga saman bene Madam ta leƙo ta buɗe murya, "Kai, ku ji abin da mai keken yake faɗa! Injiniya ne, a nan yake aiki! Za ku kashe ɗan mutane a ƙofar shagona?"

Hannuwan suka tsaya a sama. Wani ya ce to me ya sa bai faɗa ba tun farko. Bulon ya faɗi ƙasa. A hankali da'irar ta fara warwarewa, kowa yana kallon wani wuri dabam. Mai gyaran takalmi ya koma kan bencinsa ya ɗauki takalmin da ya ajiye. Mai lemo ya wanke hannu da ruwan da yake yayyafa wa lemonsa.

Injiniya ya ɗago kan Tartsatsi ya aza a cinyarsa. Ido ɗaya ya rufe ruf. Hannun dama, wanda ya kare kai da shi, ba ya kama da hannu.

* * *

A ɗakin asibitin da Nas take aiki aka kwantar da Tartsatsi. Likita ya ce zai rayu. Idon hagu sai abin da Allah ya yi, yatsun dama kuwa an haɗa abin da ya haɗu, amma ba za su ƙara riƙe abin walda ba.

Sai da ya kwana biyu kafin ya iya magana. Injiniya yana zaune a kujerar gefen gado, da tsofaffin tabaran Umma a fuskarsa, bayansa yana zogi. Inna ta fita wanke kwano.

"Baba."

"Na'am. Kada ka motsa."

"Na san naka ne." Leɓɓansa sun kumbura, kalmomin suna fita da ƙyar. "Tun daga layi na biyo ka. Na ce ko an kama ni, kai ba za ka kai ni ko'ina ba."

Injiniya ya matso da kujerarsa.

"Da zan dawo maka da shi. Wallahi jingina kawai zan bayar."

"Na ji."

"Na ɗauka zai yanku da wuri. Ina ta yi, ina ta yi, ya ƙi. Na ga suna kallona, na ce saura kaɗan." Idon da ya rage ya cika da ruwa. "Baba, me ya sa ka kulle shi?"

Injiniya ya sunkuya. Ya gyara masa bargon da bai zame ba, ya tashi ya fita baranda. Da shuɗiyar wayar nan ya saya, da yanzu ba shi da keke, yaron kuma yana da hannu. Ya juya maganar ta kowace fuska, ta ƙi zama daidai, ta kuma ƙi tafiya.

Nas ta same shi a nan, ta tsaya kusa da shi.

"Ni na sa ka saya, Baba."

"Ba ke kika ɗaga katako ba, Uwata." Ya share fuska. "Wurin nan da ake kai masu shan ƙwaya, ba za su karɓe shi ba?"

"Na je da kaina. Babu gado. Waɗanda suke jira sun fi waɗanda ke ciki yawa. Na kuɗi kuma, ko gidan Inna aka sayar ba zai isa ba, ga shi gidan ma haya ne."

* * *

Bayan an sallamo Tartsatsi da 'yan kwanaki, Inna ta yi sallama da hantsi. Ta ƙi hawa kujera, ta zauna a bakin tabarma kusa da Umma. Hannuwanta sun yi fari fat saboda sabulu, fatar yatsun ta tattare. Ta fara da ban haƙuri, Injiniya ya tare ta.

"Haba Inna. Tsakanina da gidanku babu wannan."

"Na sani, Malam. Shi ya sa na zo nan ban je wani wuri ba." Ta ja bakin mayafinta ta murza. "Jiya na tafi aiki, na kulle shi ta waje. Ya ɓalle tagar da hannu ɗaya. A kangon bayan makaranta na same shi, shi da filastar hannunsa da komai, bai san ni ba. Samarin kasuwa kuma sun aiko, sun ce sun gane ƙarya ka yi musu. In suka ƙara ganinsa, ba mai ƙwatarsa."

Umma ta ce, "Innalillahi."

"Ni kaɗai ce. In na zauna gadinsa ba mu ci ba, in na fita ban san gawar wa za a kawo mini ba." Ta ɗago ta dube shi kai tsaye, abin da ba ta taɓa yi ba tun mijinta yana da rai. "Malam, a ina ka sayi kwaɗon nan?"

Da farko bai gane ba. Da ya gane sai ya ji tsakar gidan ta yi masa ƙunci.

"Inna, mutum ne fa. Ɗan Mai Walda ne."

"Ni na haife shi. Gadon ƙarfe ne a ɗakin, ubansa ya ƙera, ba ya ɗaguwa. Ina son abin da zai kai shi bayi ya dawo, amma kada ya kai ƙofa. Wanda ba ya yankuwa. Ya san ƙarfe, in na sayi na banza zai gane."

"A ƙara jira. Uwata tana nema masa gado."

"Su samarin za su jira?"

Ya dubi Umma. Umma ta dubi ƙasa. Ya so ya ce a kawo shi nan gidan, ya tuna tagoginsu, ya tuna Nas da take fita aiki da sassafe, ya tuna kayan teloli da ke jibge a ɗakinsa amana. Can bayan bango aka ji tari, irin na wanda ya farka bai san inda yake ba, Inna ta zabura za ta miƙe.

"Bayan tashar mota," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa. "Shago mai koren ƙofa. Irin nawa ba zai yi miki ba, gajere ne. Akwai sarƙoƙi rataye a bango ta hannun dama." Ya haɗiye yawu. "Ki ce ya ba ki wadda aka sa wa rigar yadi. Ana yin su ne don kada su kankare fentin keke."

Inna ta maimaita a hankali don kada ta manta: koren ƙofa, hannun dama, mai rigar yadi. Ta yi godiya, ta sa takalmanta ta fita.

* * *

Washegari Injiniya bai fita zagaye ba. Ya shimfiɗa buhu a tsakar gida, ya kwance kan wani tsohon keken ɗinki da aka kawo masa tun watan jiya, ya jera ƙusoshin a murfin gwangwani. Umma tana gefe tana tsintar shinkafa, ƙaramar rediyonta tana ba da labarin farashin kaya. Rana ta hau katanga, ta sa fasassun kwalaben suna ƙyalli.

Suka ji Inna ta ja ƙofar gidanta, ta murza makulli, takunta ya yi nisa zuwa bakin layi.

An ɗan jima, sai ƙarar ta zo ta cikin bango. Ba mai kaifi ba ce, yadin ya danne ta. Wani abu mai nauyi ne ake ja a kan siminti, a hankali, daga can ƙuryar ɗaki zuwa wajen ƙofa. Ya zo wani wuri ya tsaya cak. Aka yi shiru. Aka sake ja da ƙarfi, ƙafar gado ta yi ƙara, ba ta matsa ba.

"Baba?" muryar ta ce daga bayan bangon. "Baba, kana nan?"

Ɗigon mai ya taru a bakin butar da ke hannun Injiniya, ya faɗi a kan buhu. Umma ta ajiye farantin shinkafar, ta miƙa hannu ta ƙara sautin rediyo.